Matar da ke cikin hoton Kolon

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen malaman da suka koyar da ni sai na yi ta lalube kafin in kamo su. Amma akwai wata Asabar da Lahadinta da na yi a birnin Kolon na ƙasar Jamus, waɗannan kam sai dai a binne ni da su.

Lokacin ina ɗalibi, an tura mu karatun aikin gona a wani gari na gabashin Faransa. Shekarun babban fari ne, wanda ya share shanu ya bar rumbuna wayam. Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Cadakori, kuma wata da watanni ban samu labarin gida ba. Rediyo dai kullum ta ce mutanen Sahel na barin garuruwansu, ba ta cewa su wa da wa. Abokin da muke ɗaki ɗaya da shi, wani ɗan Gazawa mai bakin tsiya, ya ga ina ta ramewa, sai ya sa sunana cikin masu zuwa yawon ƙarshen mako ba tare da ya tambaye ni ba.

Ya ce, "Kai Bagobiri, tagumi bai kawo ruwan sama. Tashi mu tahi mu ga garin mutane."

Muka isa da hantsi. Aka sauke mu gaban wata coci mai tsawon da sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshenta, aka ce kowa ya yi yawonsa, mota za ta juya gobe da la'asar. A filin gaban cocin an kafa alluna an manna hotuna, wata tsohuwa tana zaune da gwangwanin tara taimako. Tun daga nesa na san ƙasar da ke cikin hotunan. Ga rairayinmu, ga gawo, ga gawar saniya ta bushe a kwance. Abokina ya ja hannuna mu wuce, na fizge.

A allo na ƙarshe na gan ta. Mace ce zaune a ƙasa, da zanen Gobirawa a kumatunta, yunwa ta zaftare fuskar har idanun sun faɗa. Sauran matan da ke hotunan duk sun kau da kai ko sun ja mayafi, ita kuwa ta zuba wa mai ɗaukar hoton ido. Na matsa kusa da allon. Na ce, "Wannan kamar Inna."

Abokina ya dawo kusa da ni. Ya ce, "Kamar? Ita ce ko ba ita ba ce?"

Na sake duban hoton. Ni ɗan fari ne. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ake yi a wurinmu, har ta fi kowa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take cewa. In na shigo gida sai ta juya ta kama wani aiki. In za ta ba ni fura, ta bayan zana take miƙo ƙwaryar. Ni ma da na tasa sai na riƙa sunkuyar da kai in na gaishe ta, ina ganin hakan shi ne ladabi. Na san muryarta, na san tarinta, na san hannunta. Sai ranar nan, a tsakiyar Turawa, na gane ban san fuskar uwata sanin da zan iya rantsuwa a kai ba.

Na rufe rabin hoton da tafin hannu, na matsa baya, na dawo. In na duba goshin in ce ita ce, in na duba bakin in ce a'a. In ita ce, to gidanmu ya watse ke nan. Ina Baba, ina ƙannena? Kuma yaushe aka ɗauki hoton, mai wannan ramar ta ƙara kwana nawa a duniya?

Tsohuwa mai gwangwani ta ga halin da nake ciki ta taso. Faransancinta kaɗan ne, Jamusancina babu. Da ƙyar na fahimci cewa wani mai aikin gina rijiyoyi ne ya ɗauko hotunan a yankin Maraɗi, kuma a gefen birnin yake zaune. Ta je ta buga masa tarho, ta dawo ta ce ba ya gari sai gobe da safe. Ta kwatanta mana gidan, ta riƙe hannuna ta yi wata magana da ban ji ba, amma na san ta'aziyya ce ko kusa da ita.

Abin da ya rage na ranar ban san yadda ya wuce ba. An ce mun ga kogi da gada, an ce mun ci burodi da cuku. Ni abin da na sani, duk inda muka bi sai ƙafata ta maido ni gaban allon nan, har aka naɗe shi aka tafi da shi.

Washegari muka shiga jirgin cikin gari, ni da ɗan Gazawa. Lahadin Jamus ba kanti a buɗe, ba mutum a titi da za ka tambaya. Muka sauka inda ba nan ba, muka yi ta taka sayyada cikin sanyi, gidajen duk iri ɗaya. Rana tana ɗagawa, lokacin motarmu yana matsowa, kuma in ta tafi ba mu da yadda za mu koma. Abokina ya ce, "Mota ta tahi in ta ga dama. Yau ko ƙasa ya shige sai mun tono shi."

Daga ƙarshe muka samu gidan. Dogon mutum ne, rana ta ƙona masa wuya, ya tarbe mu da "sannu da zuwa" cikin Hausarsa ta koyo. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ja labule, ya kunna majigi, ya fara haska hotuna a bango. Ya ce a bakin hanyar Gidan Rumji ya ɗauke su, inda ake rabon hatsi, kafin damina. Na tambaye shi sunan matar, ya ce bai sani ba. Ƙauyensu fa? Bai sani ba. Hotuna suna ta wucewa.

Sai ga wani hoto. Wata mace ta ba da baya tana tafiya, da ƙwarya a ka, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, hannu ɗaya ya riƙe bakin zane. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Wannan bayan shi na girma ina kallo, ko cikin mata dubu zan fitar da shi. Na ce, "Inna ce." Mutumin ya ce ai ita ce ta hoton da na gani jiya, bayan ta karɓi rabonta ta tashi.

Sannan ya ce ya tuna da ita sarai, don ita kaɗai ce ta nemi a ɗauke ta. Ta tambayi tafintansa daga ina Baturen yake, aka ce daga Turai. Ita a ganinta Turai gari ɗaya ne mai kasuwa ɗaya, kowa ya san kowa. Ta ce akwai wani yaron gidansu can yana lakol, a nuna masa, ya san suna nan da rai, kada ya bar karatu. Ta shafa fuskarta da ɗan ruwan da ke butarta, ta gyara ɗankwali, ta zauna. Tafinta ya ce ta faɗi sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ƙi. Da ya matsa mata sai ta ce, "Ba sai an hwaɗi suna ba. In ya gani za shi gane ni."

Na zauna a ƙasan ɗakin Baturen nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Abokina mai bakin tsiya ya juya yana kallon labule. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri wai ya ɗauki maganar wasa ce, don ta ina zai nemo ɗalibi marar suna? Ya ciro hoton fuskar ya ba ni, ya kai mu wurin mota da kansa, muka tarar har an tada inji.

Sai da aka sake damina kafin na samu zuwa gida. Kakata ta rasu a hanya, shanun Baba ko ɗaya bai tsira ba, amma Baba da Inna da ƙannena suna nan, sun koma ƙauye sun yi shuka. Da na shiga gaishe ta, ta juya za ta kama tsintsiya kamar yadda ta saba. Na zagayo na durƙusa a gabanta na ɗaga kai na dube ta sosai. Ta ja mayafi ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan ya bar kallona. Ko Turai ta cinye mishi kunya?" Amma ba ta tashi daga wurin ba, ni ma ban sunkuya ba.

Ban taɓa gaya mata cewa na yi yini guda gaban hotonta ina shakka ba, har Allah ya karɓi abarsa. Kunya adonmu ce, ba na zagin ta, kuma na koyi cewa uwar da ba ta kiran sunanka tana iya fin kowa riƙe ka a zuci. Sai dai ina gaya wa 'ya'yana da jikokina, wanda duk iyayensa ke raye ya zauna ya kalli fuskarsu ya ƙoshi. Wata rana za su dogara da cewa za ka gane su, kada a same ka kana cewa "kamar".