Dutsen da Baba Bai Fasa Ba

Ƙauyenmu a gindin duwatsu yake, gabas da garin Dutse. A bayan gari akwai wani kogo da ruwa ke ɗiga daga rufinsa zuwa cikin wani rami a falalen dutse. Da rani, idan rijiyoyi suka ƙafe, da wannan ɗigon muke rayuwa, mu da awakinmu.

Ina yarinya, ba a daɗe da zuwan Nasara ba, aka aiko cewa kowane gida ya ba da namiji a fasa duwatsu don gyaran hanya. Baba aka ɗora kan mutanen ƙauyenmu. A lokacin wuta ake hura wa dutse har ya yi zafi, a kwara masa ruwa ya tsage. Dutse mafi kusa da hanyar kuwa shi ne rufin kogon nan, kuma shi Baba ya zaɓa.

Kaka, mahaifiyarsa, ba mace ce mai yi wa ɗanta gardama a gaban mutane ba, amma wayonta ya fi na gari duka. Bayan sallar isha'i ta tara mu a bakin wuta kamar kullum, sai dai ran nan ta ɗaga murya, don Baba na zaune a ƙofar ɗaki yana tufka igiya.

"Ga wata nan tafe, ku riƙe ta da kyau," in ji ta.

Ta ce da can Dutse ya yi wa mutanen farko alkawarin ruwa ɗigo-ɗigo har abada, muddin ba su nemi inda yake ɓoye shi ba. Sai wani mai gajen haƙuri ya gaji da jiran tulunsa ya cika, ya hura wa Dutse wuta. Dutse ya tsage, ruwa ya ɓalle, aka yini ana guɗa. Kafin gari ya waye ruwan ya bi tsagar ya shige ƙasa. "Har yau in kun kara kunne za ku ji shi yana wucewa," in ji Kaka, "amma babu guga mai kai masa."

Baba ya ajiye igiya. "Iya, wannan ta yara ce?"

"Ta duk wanda ke zaune ce, ɗan nan."

Washegari ya kai mutanensa wani dutse mai nisa. A ka suka riƙa ɗauko duwatsu cikin rana, aiki ya yi jinkiri, dogari ya zane Baba a gaban jama'a. Waɗansu da suka sha dako sun daɗe ba sa gaishe shi. Wuyansa bai ƙara miƙewa daidai ba har ya koma ga Allah.

Na girma ina zaton tatsuniyar haƙuri ce kawai. Sai da na haifi nawa na gane cewa Kaka ta san sarai abin da take ɗora wa ɗanta, ta kuma ɗora masa, domin gari ya sha ruwa. Yanzu in na tuna ta, tausayinta ya fi kama ni. Ranar da aka doke shi mun taru a bakin wuta muna jira, ba ta zo ba. Tana ɗakinsa tana shafa masa man shanu a baya, tana kuka.