Inda Yatsan Ya Tsaya

Mai haɗa kiɗan yana zaune a ɗan ɗakin da aka manne wa soso a bango, furfura ta cinye masa gemu. Ba ya kallon mai kawo waƙa. Idonsa a rufe, abin saurare a kunne, yatsansa guda yana bugun tebur. Yatsan duk ya yi kanta. Ƙila ya shekara da shekaru yana kaɗa jita a bayan mawaƙan da ba su taɓa ambatonsa ba.

Matar da ke tsaye gabansa mai ɗinki ce, kuma tun a bakin ƙofa aka gargaɗe ta: in yatsan nan ya tsaya, waƙa ta samu matsala. Yatsan ta zuba wa ido, tana murɗa bakin mayafi. Marigayiya mahaifiyarta ta yi wa waƙar, a kan keken ɗinki ta tsara ta.

Yatsan ya tsaya cak.

"'Yata, wa ya cika ganguna a nan?"

"Ni ce, Baba. Muryata ce ta yi rawa a wurin, sai na rufe ta."

Sai yanzu ya dube ta. Ya kunna lasifika, ya ja wani maɓalli ƙasa, gangunan suka ɗauke. Muryarta ta cika ɗakin ita kaɗai, tana karyewa daidai kan "Mama".

Ta kai hannu za ta kashe, ya tare.

"Duk waƙar nan, wurin nan kaɗai na yarda da ke," in ji shi. "Shi kuma kika binne."