Yayata da Wata da Rana Tsaka

Shekarar da Baba ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ya karye a ƙugu, dole ɗaya cikinmu ta bar makaranta ta kama gonar citta tare da Mama. Mu biyu ne mata a gidan, ni da yayata. Ba a yi doguwar shawara ba, ita ce babba. Ni na tafi kwalejin horon malamai a Kafanchan, ita ta zauna a ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma, alhali kowa ya san ta fi ni kai.

Duk hutu sai ta tsare ni da tambaya. Wata Lahadi muna dawowa daga coci ta tsaya ta nuna sama. Ga wata nan fari fat, rabi, rana kuma tana tsaka.

"Me yake yi a nan yanzu?" in ji ta.

Na ce, "Yaya, ai ba na dare kaɗai ba ne. Zagaya duniya yake yi, wani lokaci ya fito tare da rana. Hasken ma ba nasa ba ne, na rana ne ke dukansa."

Da yamma na kunna fitila a ɗaki, na ce ita ce rana, na ba ta lemo a matsayin wata ta riƙe tana juyawa da shi. Ta ga hasken ya cika shi, ya ragu, ya koma siriri. Ta yi ta juyi har jiri ya ɗebe ta, ta zauna tana dariya. Na kalli hannun da ke riƙe da lemon, duk ya tsattsage da aikin citta. Na ɓoye nawa cikin zane.

Bayan na fara koyarwa, ta taɓa kawo mini doya makaranta. Ta tarar ina darasi kan wata da taurari, yara rabinsu na gyangyaɗi. Ba ta shigo ba, ta tsaya bakin taga da buhu a kai da ɗanta a goye har na gama.

A hanyar tasha na ce, "Yaya, ke ya kamata ki tsaya gaban allon nan."

Ta gyara goyon ɗanta. "Bar wannan zance. Kin ce taurari suna nan da rana ma, haske ne ya rufe su?"

Na ce haka ne. Motar ta cika, ta shiga. Na daɗe a tashar ban koma aji ba.