Abin da Injiniya Ya Karanta

Kowa a layin Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Gyaran waya da kwamfuta yake yi a wani matsattsen shago tsakanin mai aski da mai sayar da tabarau. Shekara goma sha huɗu yana sunkuye a kan teburi ɗaya da ƙarfen dalma a hannu, har bayansa ya ɗan rankwafa. Gwani ne, wannan ba musu, amma akwai baki. In ka kai masa wayarka ta fashe, sai ka sha wa'azi kafin ka karɓe ta.

Wa'azin kuwa ɗaya ne kullum. Manyan kafafen nan da mutane ke rubuta gajerun saƙonni a kai, in ji shi, gidan haya ne, mai gidan yana leƙen kowane ɗaki, kuma ran da ya ga dama ya watso maka kayanka waje. Shi kuwa ya samo wata manhaja ta kyauta wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya duba yadda aka ƙera ta. Ba kamfani guda ke riƙe da ita ba. Kowace ƙungiya tana kafa nata dandalin a kan kwamfutarta, dandalolin kuma suna gaisawa da juna kamar maƙwabta.

Ya kafa nasa a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburin, kusa da kwandon matattun batura. Mai aski ne ya fara shiga, don a bar shi ya huta da naci. Cikin shekara biyu mutum ɗari da arba'in suka taru, teloli da direbobi da malaman makaranta. Ba talla, ba zagi, sai cigiyar makulli da hoton jariri. Duk wanda ya shiga, Injiniya kan dafa ƙirji ya ce masa a nan babu mai leƙen kowa.

Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, mai riƙe da kwamfutar yana iya ganin komai, har saƙon da mutum biyu suka yi a tsakaninsu. Ya san haka tun ranar farko. Ya dai ɗauka tunda shi ne, ba komai.

Cikin waɗanda ya jawo har da gwaggonsa, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana shekara shida. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mace mai zurfin ciki. 'Yarta ɗaya tana aure a gari mai nisa, tana kan wani dandalin daban, ta nan suke hira.

Wata Talata saƙonni suka maƙale, ba sa fita zuwa sauran dandaloli. Ya buɗe ma'ajiyar saƙonnin don ya ga wanda ya toshe hanya, sai ga na Gwaggo a sama. Layin farko ya faɗa masa a ido ba da niyya ba: likita ya ce ƙodarta ce, kuma kada 'yar ta gaya wa kowa. A nan ya kamata ya rufe. Bai rufe ba. Ya karanta har ƙarshe, washegari ya koma, jibi ma haka. Ya riƙa gaya wa kansa damuwa ce ke sa shi, kuma da gaske ya damu, amma laifi tudu ne, shi da ke hango na manyan kamfanoni yana tsaye a kan nasa.

Ran Asabar ya je gaishe ta. Ya tarar tana cin abinci a falo, ta miƙa hannu za ta ɗauki gishiri. Kafin ya yi tunani ya riga ya janye kwalbar.

"Gwaggo, ai likita ya hana ki."

Ta ajiye cokali ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya gaya maka na ga likita?"

Baki shi ke yanka wuya. Ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne abin da ya fi ci masa rai har yau, domin Gwaggo ta ɗauki waya ta kira 'yarta a gabansa. Ta yi mata faɗa, ta ce ta ba ta amana ta kasa riƙewa ko mako guda. Yana jin 'yar tana rantsuwa, shi kuma yana zaune yana kallon ƙafafunsa. Sai da ya ji ta fashe da kuka sannan ya iya buɗe baki.

"Ba ita ba ce, Gwaggo. Ni na karanta. A kwamfutar shago."

Ta kashe wayar. Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta tambaye shi ko na kowa yake iya gani, ya ce e. Ta tambaye shi ko mutanen sun sani, ya ce a'a. Ta ci gaba da cin abincinta, shi kuma ya tashi ya fita.

Washegari ya rubuta a dandalin, inda kowa zai gani, cewa yana iya karanta saƙonnin sirri, kuma ya taɓa karanta na wata. Mutum talatin da wani abu suka kwashe suka koma wasu dandalolin, abin da shi da kansa ya koya musu yadda ake yi. Mai aski ya zauna, amma ya daina tsokanarsa. Wa'azin ma ya mutu. Yanzu in ka kai waya, gyara kawai yake yi ya miƙo maka.

Gwaggo ba ta fita daga dandalin ba, kuma in ya je gaisuwa tana amsawa yadda ta saba. Shi ma bai ƙara buɗe ma'ajiyar don karatu ba. Bayan wata uku, yana tsakiyar canza gilashin wata waya, mai aski ya leƙo yana tambayarsa ya mai jiki, ya ce ya ji an yi wa gwaggonsa aiki shekaranjiya. Dangi duk suna asibitin tun ranar, ban da shi.

Ya kira 'yar, ya tambaye ta me ya sa ba wanda ya sanar da shi. Ta ce masa:

"Na so in kira ka, Yaya. Ita ta hana. Ta ce kai ba sai an gaya maka ba."