Ƙwayar boris a cikin agwagwa

Ban taɓa riƙe bindiga ba, amma na san harsashi fiye da wasu masu rataya ta a kafaɗa. A bakin wuƙa na koya, wajen gyaran tsuntsayen da maigidana yake harbowa.

Tsohon direba ne, muna zaune a Tudun Wada. Yana da bindiga mai baki ɗaya da ya gada, lasisinta na cikin leda a ƙasan akwati. Duk Asabar bayan asuba sai ya hau babur ya nufi fadamar da ke gaba da Kwadon. Juma'a bayan la'asar kuwa ya baje harsasai a tabarma yana zaɓe, yana juya kowanne yana duba lambar jikinsa. Ni kuma Allah bai yi ni da iya gani in yi shiru ba.

"Malam, wai ba duka harbi suke yi ba?"

"Lamba huɗu ta agwagwar ruwa ce, shida ta fakara," in ji shi.

"To yaya ƙaramar tsuntsuwa ta samu babbar lamba?"

Ya ce na fiye tambaya, amma ya buɗe bakin tsofaffin harsasai guda biyu ya zazzage mini a faranti. Ƙwayoyin dalmar lamba huɗu sun kusa dawa, na shida kamar gero, sun kuma fi yawa. Agwagwa gashinta da kauri, daga nesa ake samunta a kan ruwa, ƙananan ƙwayoyi rauni kawai za su yi mata ta je ta mutu a banza. Fakara kuwa daga gindin ƙafarka take tashi, in ka sa mata manya sai ka kwaso tsumma.

Tun daga ranar na fara tara duk ƙwayar da na ciro daga nama a gwangwanin madara. Har na kai in ya shigo ina tsokanarsa: "Yau ka bari ta yi nisa, uku kawai suka same ta." Sai ya ce dama ni aka bai wa lasisin.

Wata Asabar, lokacin kaka, ya kawo agwagwa biyu. Ina yanka ƙirjin ɗaya wuƙa ta ci karo da wani abu, ƙyas. Na ciro ƙwaya mai sheƙi, sumul. Dalma in ka danna ta da wuƙa tana lotsawa, wannan ko gezau. Na juya ta, na ciza, na jera ta da na gwangwani, ba danginta. Mako na gaba na sake samun biyu, har da guntun ƙusa.

Abin ya hana ni sakat. Na ƙulle ɗaya a bakin mayafi na kai wa mai gyaran keken bakin layinmu.

"Hajiya, ai ƙwayar boris ce ta ƙafar keke," in ji shi. "Mafarautan ƙauye na saye a wurina, suna ɗura wa bindigar toka."

Bindigar maigidana ba a ɗura mata komai ta baki. Ashe ba shi ke harbin ba, saye yake yi.

Da farko haushi na ji, wallahi. Mutum da furfurarsa ya riƙa yi mini wasan yara? Amma kafin in kai gida wasu abubuwa suka fara dawo mini. Kwanakin nan in yana zaɓe sai ya miƙo mini harsashi ya ce, "Ke malamar lamba, karanta mu ji." Na ɗauka tsokana ce. Ga shayi da yake zubawa a gefen kofi. Sai haushin ya koma tsoro, don wannan mutumin ne ke hawa babur a titin manyan motoci da bindiga a baya.

Na yi farfesun kamar kullum. Da na ajiye masa, na sa ƙwayar a murfin kwano na tura gabansa. Bai gan ta ba. Sai da na kama yatsansa na ɗora a kai. Ya murza ta, ya danna da farce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Yau na tabbatar. Idon ne ko?"

Ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, ta fara kama na hagu. Watanni uku da suka wuce ya hango wani abu na motsi a bakin ruwa, ya ɗaga bindiga, sai abin ya yi masa sallama. Bafulatani ne ya sunkuya yana alwala. Tun ranar bai sake sa harsashi ba. Yana zuwa ya zauna da wani mafarauci, ya saya, ya dawo.

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"In na daina fita, me zan kawo miki ki bincika?"

Na yi masa faɗa sosai, ina yi ina share hawaye. Na ɓoye makullin babur, Litinin na tasa shi gaba zuwa asibitin ido.

An yi aikin, ya ɗauki watanni yana zaman gida yana mita. Asabar ɗin da ya koma fadama, fakara ɗaya tal ya kawo, ramammiya, ya harbe ta kusa ƙwarai har ƙirjin ya dagargaje. Ban ko fige ta ba na sa wuƙa. Na ciro ƙwaya ƙarama, na danna, ta lotsa.

"Lamba shida," na ce masa. "Kuma ka ɓata mini nama."