Layin da Baba Ya Ja a Kan Ruwa

Ni da wani abokina muka haɗa manhajar waya don 'yan acaɓa masu kai kaya tsakanin Tiga da Ƙafin Maiyaki. Idan mutum ya kunna ta, sai ta zana hanyar da ya bi, ya tura wa na bayansa.

Da na nuna wa mahaifina, sai ya ce in ɗauko wayar mu shiga kwalekwalensa. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, tun kafin a haife ni aka tashi mutanensa. Ya riƙa tuƙi a hankali yana duban duwatsun gaɓa, yana cewa, "Nan kasuwa ce. Nan ƙofar gidanmu. Nan kuma kabarin kakarka, ka yi mata addu'a." Ni ruwa kawai nake gani, amma wayar tana jan layi.

Damina na kamawa ya rasu.

Bayan sadakar arba'in na buɗe manhajar don in kai ƙannena wurin, na tarar babu layin. Na kira abokina, ya ce ai sabunta ta ya yi, ya sa ta share duk layin da ya faɗa ruwa, tunda babur ba ya bin ruwa. Har jira yake in yaba masa. Na wanke shi tas, na kashe wayar.

Duk da haka muka fita da kwalekwalen. Ƙanwata ta tambaye ni inda kabarin yake. Na nuna mata wani wuri, ta ɗaga hannu tana hawaye. Har yau ban sani ba ko a kan kasuwa muka tsaya.