Gayya a Lambun Malam Reuben

Malam Reuben mutumin Zuru ne, kimiyya yake koyarwa a wata sakandare da ke gefen Wurno, kuma kowa a garin ya san lalurarsa: tsirrai. Wasu malamai in an tashi sai su nufi majalisa, shi kuwa sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi fadama da tudu har Tursa, ya dawo da tsiro a leda, yana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Shekara da shekaru yana haɗa su a wani fili bayan makaranta. Akwai sabara da kalgo, da yaɗiya da ta nannaɗe shinge, da tumfafiya, da wata jema da ya sha wuya kafin ta kama. Tsuntsaye suka saba da wurin, bushiya ma ta haihu a ciki. Su kuwa manoman albasa da ke maƙwabtaka da shi, in sun leƙo sai su girgiza kai, tausayinsa suke ji.

Shugaban makaranta ya daɗe da sa wa filin ido. Da ƙyar ya yarda cewa in malaman jami'a suka zo daga Sakkwato suka ga amfanin lambun, zai bar shi har ya kewaye shi da waya. In ba haka ba, a raba wa ma'aikata su shuka albasa.

Ranar zuwan malaman jami'ar Reuben ya yi sammako ya tafi tarbo su. Duk hanya bakinsa bai huta ba, yana ba su labarin abin da za su gani. Suna shan kwanar makaranta sai ya hango lambun.

Fili ya yi tas, an kafce shi, an ja kunya-kunya a miƙe. Can gefe an tara tsirransa tsibi guda, hayaƙi na tashi. Ga Baba Mode, dattijon manoman, da mutanensa sun jingina fartanya suna shan fura, fuska cike da fara'a.

"Baba Mode, mi anka yi nan?"

"Gayya munka yi maka, Malam! Mun ji manyan baƙi za ka yi, ga haki ya cinye wurin. Munka ce wallahi ba mu bari ka ji kumya gaban mutane."

Takaici ya turnuƙe Reuben har idonsa ya kawo ruwa. Wa zai zaga? Mutanen nan sun bar gonakinsu tun asuba saboda shi.

"Kak ka damu, mun bar maka mai amfanin," in ji Mode, ya nuna wata 'yar bishiyar dogon yaro da ta tsiro da kanta jikin shinge.

Baƙi suna kallo, shugaban makaranta yana auna faɗin filin da ido, manoma kuma suna jiran abin da ake faɗa wa masu gayya. Reuben ya cire hularsa.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Allah shi saka da alheri."